Ranar da Yaya Ya Juya wa Koren Kwale-kwale Baya

Yayana ya iya ciniki. Wannan shi ne abin da ƙauyenmu suka fara sani a kansa, kafin ma a zo maganar noma. Duk wanda zai sayi sa ko tunkiya a kasuwar Ɗambatta, sai ya biyo ta gidanmu da sassafe ya roƙe shi rakiya. Shi kuwa sai ya tuɓe rigarsa mai kyau, ya ɗauko wata tsohuwar shuɗiya da ta sha faci a kafaɗa, ya kafa hular da ta koɗe, su kama hanya. Ya ce in ka shiga kara da sabuwar riga, masu shanu sun gama yanka maka kuɗi tun kafin ka buɗe baki.

Na sha bin sa ina kallo. Zai tsaya kusa da san da ransa ya biya, amma ba shi zai fara duba ba, sai na gefensa. Can sai ya dawo kamar bisa kuskure, ya buɗe bakin san ya leƙa haƙora, ya taɓe baki. Ya ce ƙafar baya tana ja. Ya ce tozon ya kwanta. Ya kushe dabba tas, har mai ita ya fara shakkar abin da ya kiwata da hannunsa. In an faɗi kuɗi ya yi dariya, ya taya ƙasa-ƙasa, a ce masa albarka, ya kaɗe rigarsa ya juya. To a nan gwanintar take. Ba ya sauri, ba ya waiwaye. Taku goma, taku goma sha biyar, sai ka ji daga baya, "Malam! Dawo mana, ai ba faɗa muka yi ba." Shekara talatin yana wannan juyi, ba a taɓa barin sa ya kai bakin kara ba tare da an kira shi ba.

Ya girme ni da shekara goma sha bakwai. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, shi ya riƙe ni, shi ya kai ni makarantar boko lokacin da wasu ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu, har na zama malamin firamare a wajen Makoda. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma a takarda zan fara ba. Yaya nake ce masa. Shi kuma tun ranar da na fara riƙe alli yake ce mini Malam, rabi girmamawa, rabi tsokana.

Sai waɗancan shekaru suka zo. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Ƙasarmu dama gonaki ne a matse, ta wannan ta ƙare a gindin ta wancan, babu dajin da za a ce a je a sare sabuwa. In gonarka ba ta ba ka ba, babu inda za ka juya. A birni kuma sabulu da madara sun zama abin bin layi. Mutane suka gaji har da ƙorafi. Za ka gaida mutum a hanya, ya ce maka sai godiya, bai ko ɗago kai ba.

Abin da ya rage mana shi ne dam. An tare ruwan 'yan shekaru kafin nan, tafiyar awa ɗaya da rabi a ƙafa daga gidanmu, kifi kuma ya hayayyafa a ciki. Mu ba masunta ba ne, kaka da kakanni manoma ne, amma Yaya yana da baki goma sha ɗaya a gidansa. Ya koyi su a kan gora: ka kifa cikinka bisa ƙatuwar gora, kana tuƙa ruwa da hannu da ƙafa, kana jan koma. Mutum mai shekara hamsin da ɗoriya ke nan. Gorar ba ta kai shi tsakiya inda manyan tarwaɗa suke, sai gefe-gefe, ya dawo da 'yan ƙananan karfasa da ba su wuce miyar kwana ɗaya ba. Ruwa ya shige masa kunnen hagu, ya yi wata biyu yana zubar da mugunya, daga nan ya toshe. Tun lokacin in kana masa magana sai ya karkato maka da na dama. Tari kuma ya zauna masa a ƙirji. Matarsa ta tare ni a tsakar gida wata rana ta ce, "Malam, ka yi wa yayanka magana. Ruwan nan cinye shi zai yi." Na ce to. Ban yi ba, don ban san me zan ce ya ci a madadin ruwan ba.

Kwale-kwale ne maganin abin, kowa ya sani. Amma na katako daga kudu ake kawo su, sai wane da wane, a yi wata da watanni ana jira. Muna cikin haka, ƙarshen rani, sai ga wata mota mai lasifika tana zaga ƙauyuka. Wai wani kamfani daga birni zai baje kolin kwale-kwale a bakin dam, kwana biyu. Na roba ne, ba sa ruɓewa, ba sa yoyo. Akwai manya masu inji, akwai ƙanana na filafili.

Ranar Lahadi Yaya ya kora shanun huɗarsa biyu zuwa Ɗambatta, ya dawo da igiya a hannu. Bai yi shawara da kowa ba. Tunaninsa a fili yake: kwale-kwale zai ciyar da gidan rani da damina, ruwan sama ya zo ko bai zo ba, in kifi ya yi albarka ya mayar da shanun baɗi. Abin da bai faɗa ba, amma duk gidan muka sani, shi ne in kwale-kwalen bai samu ba, ya saki shanu kuma bai kama ruwa ba.

Ya aika aka kira ni. Ya ce, "Malam, za ka raka ni, saboda mutanen nan da takarda suke aiki. Ka sa rigarka ta salla. Amma in mun je ka tsaya nesa da ni, kamar ba ka san ni ba. In suka gan ni da ɗan boko mai albashi, ɗorawa za su yi. Sai an zo kan takarda na yafito ka."

Na ce, "Gobe za mu, tun da sassafe?"

"Jibi, bayan azahar. Wa ke saye ranar buɗe kasuwa? Sai sun ga za su koma da kayansu, sannan bakinsu zai yi laushi."

Na taɓa shiga manyan kantunan Kano, inda ake manna kuɗin kaya a jikinsu, ba tayi ba ragi. Na ce, "Yaya, mutanen kamfani fa ba kamar 'yan kara ba ne."

Ya karkato mini da kunnen dama, na maimaita. Ya ce, "Mai sayarwa mai sayarwa ne, ko a kara ko a kanti. Ba don su nuna wa kifi suka kwaso su daga birni ba."

Ban ƙara ba. Mu a gidanmu ƙani ba ya faɗa wa wansa magana sau uku.

Mun isa rana ta fara karkata. Sun kafa rumfar tamfol babba, da tutoci, da kujerun ƙarfe a jere, injin wuta na ruri a baya, lasifika na ta kiɗa. Manyan kwale-kwale uku masu inji suna kan ruwa. Wasu biyu suna kan yashi, an ɗora su bisa tsofaffin tayoyi, ɗaya fari, ɗaya kore. Koren shi ne ƙaraminsu duka, na mutum biyu da komarsu. Ina ganin sa na san shi ne. An kewaye wurin da igiya, mutanen ƙauyuka sun yi cincirindo a bayanta, masunta da manoma, suna kallo hannu a baya.

Samari huɗu ne masu tallar, riga iri ɗaya, fara mai tambarin kamfani a ƙirji. Ɗaya daga ciki ɗan birnin Kano ne, shi ke magana da Hausa, sauran sai Turanci. Ogansu yana zaune a inuwa da baƙin tabarau, bai tashi ba har muka bar wurin. Na tsaya na ɗan lura da yadda suke aiki, ban daɗe ba na gane. Takalmi suke fara duba, sannan agogo, sannan hula. Fuska ita ce ta ƙarshe. Wanda ya sauko daga mota ba a ma duba komai, da gudu ake ɗaga masa igiya. A zaunar da shi, a buɗe masa lemo mai sanyi, a miƙa masa takarda mai hotuna, a ɗaura masa rigar nan mai hana nutsewa, a zaga da shi ruwa yana ɗaga wa mutane hannu. 'Yan kwangila ne da manyan ma'aikata. Na san biyu a cikinsu. Ɗaya ko rafi ba ya tsallakawa sai an goya shi, ban san me zai yi da kwale-kwale ba. Su kuwa waɗanda ke kwana da tashi a ruwan, abin da ake ce musu ɗaya ne: a matsa baya, a daina taɓa igiya.

Rigata ta salla ta yi aikinta. Ɗan birnin ya dubi takalmina, ya dubi biron da ke aljihuna, ya ɗaga igiya ya ce, "Ranka ya daɗe, bismilla." Ya ba ni kujera, ya buɗe mini lemo. Rabona da lemo mai sanyi an fi shekara. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ji daɗin lemon, na ji daɗin kujerar, na fi jin daɗin "ranka ya daɗe" ɗin nan, don a waɗancan shekaru malamin firamare ba abin da ake ce masa sai sannu. Yaron ya yi ta zuba mini bayanin inji mai doki kaza, ina gyaɗa kai kamar na san dokin.

Ina zaune sai na hango Yaya ya sunkuya ta ƙarƙashin igiya da shuɗiyar rigarsa. Bai nufi koren ba. Farin ya fara zagayawa, kamar yadda yake yi a kara, ya leƙa nan ya leƙa can. Can ya gangaro wajen koren kamar hanya ce ta biyo da shi. Ya ƙwanƙwasa gefensa da bayan yatsa, ya kanga kunnen dama yana saurare. Ya shafa ƙasansa tun daga goshi har baya. Wanda ya san Yaya ya ga wannan shafa ya san ciniki ya riga ya faɗa a zuciyarsa. Haka yake shafa wuyan shanunsa da yamma.

Sannan ya ɗaga murya yadda za a ji. "Wannan ai bahon wanki ne."

Ya dubi wajen rumfar, ya ƙara.

"Roba ce fa. Rana ɗaya ta buge shi ya tsage. Iska kaɗan ta taso ya kife da mutum."

A kara, da yanzu mai kaya ya miƙe yana rantse-rantse, da 'yan kallo sun matso, da magana ta ƙullu. A nan sai kiɗan lasifika. Yaya ya sake ƙwanƙwasawa, da ƙarfi wannan karon. Ɗan birnin ya bar ni ya nufe shi.

"Baba, daina buga shi, za ka ɓata fenti. In kallo ne, ga bayan igiya can."

Na ga fuskar Yaya ta saki. A wajensa an fara magana ke nan. Ya ce, "Samari, nawa kuke cewa wannan abin?"

Yaron ya nuna wata takarda da aka manna a goshin kwale-kwalen. "Ga shi nan a rubuce." Ya san sarai tsohon ba zai karanta ba. Da ya ga Yaya bai motsa ba, sai ya faɗi kuɗin, yana kallon wani wuri.

Daɗi ya kama ni. Abin da ke ɗaure a ƙugun Yaya ƙarƙashin shuɗiyar riga ya isa, har da ragowar da zai yi sabuwar koma. Da ya sa hannu ya kwance a lokacin, da a kwale-kwalen nan zai kwana. Amma Yaya bai taɓa sayen ko akuya a farashin farko ba. Ya yi dariyarsa ta kara, ya tafa hannu, ya taya ɗan sama da rabi.

Yaron ko albarka bai ce ba. Ya dubi abokin aikinsa, suka yi dariya, ya ce da Turanci tsofaffin nan ba abin da suka iya sai ɓata wa mutum lokaci. Ni kaɗai na ji a cikin mu biyun. Daidai nan wata farar Fijo ta danno ƙaho a bakin hanya, su huɗun duka suka kwasa da gudu.

Yaya ya ɗan tsaya. Ya faɗi sunan ƙauyenmu da ƙarfi, wai ko an tashi nemansa ba wanda bai san gidansa ba. Iska ya faɗa wa. Sannan ya kaɗe rigarsa ya juya.

Ta gabana ya wuce, bai dube ni ba. Na bi shi da ido ina ƙirga takunsa, yadda na saba tun ina yaro. Goma. Goma sha biyar. Ya sunkuya ya fita ta ƙarƙashin igiya. Saboda kunnen hagu ya mutu, sai ya murɗe wuya ya mayar da na dama baya, yana tafiya a karkace, ga shi ba ya son a ce waiwaye yake. Talatin. Ya kai gindin wani gawo, ya duƙa yana gyara maɗaurin takalmin da ba abin da ya same shi. Ya daɗe a duƙe. A bayansa ɗan birnin yana fama da ɗaura wa mai Fijo rigar ruwa, ta ƙi haɗuwa a tumbi.

Kwalbar lemo na hannuna. Tsakanina da yaron bai fi taku biyar ba. Abin da zan ce kaɗan ne: wancan dattijon da kuɗinsa ya zo, ku kira shi. Na daɗe ina faɗa wa kaina cewa umarnin Yaya na bi, ya ce in yi kamar ban san shi ba, kuma ƙani ba ya shiga cinikin wansa. Duk gaskiya ne. Amma akwai ta uku, wadda na fi shekara ashirin ban faɗa wa kowa ba. Kunya na ji. Na kasa miƙewa a gaban mutanen da suka ce mini ranka ya daɗe in nuna mai facin riga in ce yayana ne, shi ya saya mini allo da alli na farko. Na shanye lemon, na ajiye kwalbar ƙarƙashin kujera, na sulale.

Na tarar da shi a bakin titi. Ya ce, "'Yan birnin nan sun iya taurin kai. Ba laifi. Gobe da safe za su aiko, na faɗa musu garinmu."

Na ce, "Yaya, mu koma. Kuɗin a rubuce yake, ba sa ragi. Ba za su aiko ba."

"In koma da ƙafata ba a kira ni ba? Su yi mini dariya, su kuma ƙara kuɗi?"

"To ba ni, ni in je in biya."

Ya tsaya ya dube ni tun daga hula har takalmi, irin kallon da yaran can suka yi mini, sai dai shi bai ga abin burgewa ba. Ya ce, "Malam, ni na kai ka makaranta. Ba kai za ka kai ni kasuwa ba."

Muka taho. Awa ɗaya da rabi muna tafe. Duk lokacin da ƙarar babur ta taso daga baya sai ya rage tafiya, ya matsa gefe, har babur ɗin ya wuce mu.

Washegari ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida tun bayan asuba, da shuɗiyar rigar a jikinsa. Da hantsi ya ɗaga na kasa jurewa, na zare kekena ta baya na nufi dam. Ba rumfa, ba tuta. Sai sawun babbar mota a yashi, da murafun lemo, da tsofaffin tayoyin da aka ɗora koren a kai. Wani masunci da ke ɗinkin koma ya ce tun bayan magariba suka loda komai. Na ce har da koren? Ya ce har da shi. "Ai ko ɗaya ba su sayar ba, Malam. Kwana biyu suna shayar da mutane lemo." Na zauna a kan taya ɗaya na daɗe. Ban ji haushi ba ma, gajiya kawai na ji.

Da na dawo na faɗa masa. Ya naɗe tabarmarsa ya shiga gida.

Sauran labarin ba wani daɗi. Kafin damina ta faɗi, abin da ya sayar da shanu biyu ya kasa sayen ɗaya, sayen hatsin gida kuma ya ci gaba da gutsurar kuɗin har ya ƙare. Shekarar kuwa ruwa ya sauka yadda ake so. Maƙwabta na huɗa da shanu, Yaya da 'ya'yansa suna duƙe da garmar hannu, rabin gonar ma ba su kai ba lokaci ya wuce. Da rani ya koma kan gora, har tarin ya hana shi. Masu sayen dabba ba su daina biyowa ta gidanmu ranar Lahadi ba, sai ya ce musu ƙafa ke damunsa. A hankali suka daina zuwa.

Ba mu taɓa tayar da maganar ba, ni da shi, sai a ciwonsa na ƙarshe. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je duba shi, yana kwance a zaure, ya rame har ban so kallon hannunsa. Muka gaisa, muka yi maganar ruwa da ta gero. Can ya kamo bakin rigata ya jawo ni kusa.

"Malam, ranar nan a bakin dam. Ka san kunnen nan nawa. Kai kana zaune kusa da su." Ya huta, ya ja numfashi. "Sun kira ban ji ba?"

Ashe duk shekarun nan abin da yake juyawa ke nan. Ba shanun ba, ba kwale-kwalen ba. Na dubi mutumin da ba a taɓa barin sa ya kai bakin kara ba, na duƙa daidai kunnensa na dama.

"Sun kira, Yaya. Har sau biyu. Kiɗan lasifika ne ya danne muryar."

Ya lumshe ido, ya yi ɗan murmushi. "Ai na sani. Wane mai kaya ne zai bar mai saye ya kai titi?"

Na ɗauka an gama. Na fara gyara masa mayafi. Sai ya buɗe ido, ya karkato mini da kunnen.

"To kai da ka ji, me ya hana ka tsayar da ni?"

Na ce, "Ka yafe mini, Yaya." Wannan kam ba ƙarya na yi ba.

Ya ce ya yafe. Sannan ya juya a hankali, ya kwanta a kan kunnensa mai ji.